Kafin a Murɗa Makulli: Salansa da Man Giya a Khartum da Omdurman

Sharhin yau ƙarƙashin mota zai shiga, kuma a ƙasar Sudan, a biranen nan uku da ke kallon juna a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu: Khartum, Omdurman da Bahri.

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris, 2025, suka kuma shelanta a watan Mayu cewa jihar Khartum baki ɗaya ta dawo hannunsu, mutanen da yaƙin 15 ga Afrilu, 2023 ya tarwatsa suke ta komowa gida, wasu daga Masar, wasu daga Port Sudan, Atbara da Kasala. Da yawa daga masu mota sun tarar da wayam. An yi awon gaba da motoci a wannan yaƙi har kalmar shafshafa, wato wawaso, ta zauna a bakin yaro da babba. Wasu ƙwarangwal suka samu, babu taya, babu batir, an zare wayoyi an sayar da jan ƙarfen ciki. Amma akwai wanda Allah ya tarfa wa garinsa nono, ya tura ƙofar gida ya ga motarsa inda ya bar ta, a gindin darbejiya, tayoyi sun sace sun kwanta, ƙura ta rufe gilashi har yaro na iya rubuta sunansa da yatsa.

Abin da irin wannan mutum yake yi sananne ne. Ya ari batir wurin maƙwabci, ya sayo fetur a jarka, ya yi bismillah ya murɗa makulli. A karo na uku ko na huɗu inji ya kama, yara su kaure da ihu, uwargida ta rangaɗa guɗa. Murna ba ta barinsa ya lura da abu biyu. Ƙarar motar ta sauya, ta koma irin ta injin niƙa. Sannan da ya ja giya zuwa D, motar ta yi jim kamar mai tunani, kafin ta zabura ta fizga gaba. Waccan ƙarar, salansa ce ta huje. Jinkirin da zaburar kuwa, man giya ne yake kuka. Na farko yana iya halaka mutum a cikin motarsa, na biyu yana iya lamushe ɗan abin da ya rage a aljihun wanda ya dawo daga gudun hijira.

Maganar ba ta tsaya kan masu dawowa ba, domin kasuwar mota a Khartum ta 'yar hannu ce tun da daɗewa. Wanda ya san Kirin na Bahri ko Dalala ta unguwar Sahafa kafin yaƙi ya san yadda ake yi: fili maƙil da motoci, dillalai da a can ake ce wa samasira suna zagaye baƙo kamar ƙuda ya ga ɓawon mangwaro. Ita kalmar dalala ma ba baƙuwar Bahaushe ba ce, gida ɗaya suka fito da dillali. Ƙananan motocin Koriya ne suka cika titi, su Atos, Tico, Click da Accent, ga 'yan bas-bas ɗin haya da ake kira Amjad, ga Hiace, ga Hilux da suke ce wa boksi. Tun shekarar 2000 masana'antar Giad da ke kudu da birnin, kan hanyar Wad Madani, ta soma haɗa wasu motocin a gida. A 2010 kuma gwamnati ta hana shigo da tsofaffin motoci don tattalin kuɗin waje, in ban da wasu rukuni kamar 'yan ƙasa masu dawowa daga aiki a ƙetare. Hanin ya sa motar da ke cikin ƙasa take ta yawo daga hannu zuwa hannu, daga baya kuma aka samu ƙofar baya: motocin da ake fasa-ƙwaurinsu ta hamada daga Libiya da Chadi zuwa Darfur, ba takarda ba lamba. Sunan da mutanen Sudan suka laƙaba musu zai ba mai sauraro a Maiduguri ko Kano mamaki. Boko Haram suke ce musu, ko Boko a taƙaice.

Hausawan Sudan, jikokin mahajjata masu tafiyar ƙasa da na waɗanda suka bi Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, a wannan kasuwa suke saye da sayarwa kamar kowa. Abin da za a faɗa kuma ya shafi mai sayen 'yar Kwatano a Maraɗi ko Katsina, tunda rana ɗaya ce take gasa motocin, ƙurar ma dangin juna ce.

Ƙasar ce da kanta take yaudarar mai saye. Khartum busasshen gari ne. Ruwan da ke sauka a shekara bai kai milimita 200 ba, bai kai rubu'in na Kano ba, kuma kusan dukkansa a Yuli, Agusta da Satumba yake zuwa. Saboda haka jikin mota ba ya tsatsa irin na Legas ko Fatakwal. Mota mai shekara 20 sai a gan ta fes, in ban da fenti da rana ta kodar. Dillali ya daki bonet da tafin hannu ya ce, "Ya zol, duba da idonka, ko ɗigon tsatsa babu." Bai yi ƙarya ba, amma gaskiyar sama ya faɗa. Salansa daga ciki take ruɓewa.

Dalili shi ne fetur in ya ƙone ruwa yake haifarwa. Kowace lita ɗaya da inji ya cinye tana fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa, a matsayin tururi. Shi ya sa da sanyin safiya a watan Janairu ake ganin ruwa na ɗiga daga bakin salansa. Idan mota ta yi doguwar tafiya, a ce daga Khartum zuwa Wad Madani ko Shandi, bututun yana ɗaukar zafi tun daga inji har wutsiya, ruwan ya ƙafe ya fice. Idan kuwa aikinta daga gida zuwa masallaci ne, daga masallaci zuwa gidan burodi, minti biyar-biyar, tukunyar baya ba ta samun zafin da zai kore shi, sai ya kwanta a gindinta. Kuma ba ruwan sha ba ne. Ya riga ya gauraya da farar wutar da ke cikin mai ya zama ruwa mai cin ƙarfe, dangin na batir, illa dai bai kai shi ƙarfi ba. Wannan ne ya sa motar tsohon ma'aikaci da ake tallatawa da cewa ba ta sha wahala ba, ba ta taɓa barin gari ba, sau da yawa ita ce mai ruɓaɓɓiyar tukunya. To ina ga wadda aka kashe da safiyar Asabar ɗin nan ta cikin azumi da aka fara harbe-harbe, aka bar ta damina biyu ko uku, ruwa na kwanciya a ƙarƙashinta, laka na bushewa a jikin bututun, ɓera da zanzaro sun mai da shi gida?

Akwai kuma tsatsar da ake shigowa da ita tare da motar. A Koriya ta Kudu, kamar a Kanada da arewacin Amurka, ana watsa gishiri a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, taya kuma tana fesa shi a ƙarƙashin mota shekara da shekaru. Motar da ta zauna a Jidda kafin ta tsallako Bahar Maliya zuwa Sawakin, ko wadda ta yi zaman yaƙi a Port Sudan, ta sha iskar teku mai laima da gishiri. Wasu masu sayarwa sun san haka, shi ya sa suke fesa baƙin fenti ko su shafa tsohon baƙin mai a ƙarƙashi. Ƙarƙashin tsohuwar mota in ya cika baƙi da sheƙi, abin tuhuma ne.

A unguwar masana'antu ta Omdurman, al-Mantiƙa al-Sina'iyya, inda gareji ke jere kamar a Ƙofar Ruwa ta Kano, babban bakanike usta ake ce masa, salansa kuma adim. Gwanin usta ba ya buƙatar na'ura a wannan aiki. Yakan bar motar ta huce, ya sauka rami da sifana a hannu, ya bi bututun yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe yakan ce ɓus, wani lokaci ɓarɓashi ya zubo masa a fuska, in kuma ya girgiza tukunyar ya ji kamar tsakuwa a gwangwani, to katangun cikinta sun karye. Daga nan ya sa yaronsa ya tayar da inji, ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci. Idan babu huji, tsumman zai yi ta ƙoƙarin fita, inji ya soma shaƙewa. Idan akwai, sai a ji huci daga wani wuri, a bi shi da tocila a ga baƙin tabon hayaƙi a mahaɗa. Yakan kuma duba robobin da aka rataye bututun da su, domin zafin Khartum yana busar da roba ta tsage, bututu ya rinƙa lilo yana dukan ƙasa a kowane rami har walda ta saki.

Masu walda na Sudan ba kanwar lasa ba ne. Ƙasar da maƙeranta suka ɗauki tsohuwar babbar motar Bedford ta Ingila suka sake mata gini, suka ƙara mata ƙarfi ta ɗauki kayan da masu ƙera ta ba su taɓa tsammani ba, har suka raɗa mata suna Sifinja saboda laushin tafiyarta kamar silifas, ba za a koya musu facin salansa ba. Da guntun ganga da wutar kabaid za su rufe huji cikin rabin awa. Faci yana da amfani idan dutse ne ya fasa lafiyayyen ƙarfe. Idan kuwa tsatsa ce ta ci shi ya koma kamar ganye, yau a toshe nan, bayan sati uku ya ɓalle a gefe, don walda ba ta kama ruɓa. A nan sai dai a yanke sashen gaba ɗaya a sa wani.

Mutane da yawa suna ɗaukar hujin salansa a matsayin matsalar ƙara kawai, wasu samari ma daɗinta suke ji. Haɗarin yana cikin abin da ba a ji. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da rai ke buƙata sau sama da 200. Ita ce dai take kashe iyali guda a ɗaki idan aka kwana da janareta a ciki, labarin da kunnen mutanen Najeriya ya saba da shi. A garin da zafi kan haura digiri 41 a inuwa cikin Mayu da Yuni, kowa gilashi yake rufewa ya kunna iyakwandishan. Idan salansa ta huje a tsakiya, ƙasan motar kuma yana da 'yar kafa, hayaƙin ciki yake hawowa, musamman in mota na tsaye. A shekarun layin mai, daga 2018 zuwa 2021, direbobin Khartum sun sha kwana a mota a gidan mai, wasu da inji a kunne. Alamun farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko rana ce ta buge shi. Direban Amjad da na Hiace sun fi kowa shiga haɗari, tunda a kan inji suke zaune. Wanda kansa ke sarawa duk lokacin da ya yini a mota, ya kuma ji sauƙi in ya sauka, ya kai motar rami kafin ya kai kansa kemis.

Abu guda ya rage a salansa, wato tukunyar tace hayaƙi da ke kusa da inji, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinam, faladiyam da rodiyam, shi ya sa ɓarayi ke yanke ta, wasu marasa amana ma a gareji suke kwashe cikinta su mayar da fanko. Motar da ta kwana shekara biyu ba mai tsaro, sai an duba a tabbatar tana nan. Huji kuma in ya kasance gaba da na'urar da ke auna iska a bututun, kwamfutar motar takan ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara turawa, mai mota ya yi ta zargin gidan mai da tauye mudu.

Sai giya, wadda a Sudan ake ce wa jarboks, a arewa giyabos. Nan ne kuɗi suke.

A mota otomatik, mai ne yake aikin da ƙafar direba da hannunsa suke yi a mai kulochi. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, ta cikin wata tukunya mai fukafukai biyu masu fuskantar juna, ɗaya na watsa mai, ɗayar na juyawa da ƙarfinsa. Shi ke matse faya-fayan kulochi na ciki duk lokacin da giya za ta sauya, ta wasu 'yan hanyoyi da wasunsu ba su fi kaurin tsinken ashana ba. Shi ke shafe haƙora, shi ke kwashe zafi. Mai ɗaya, aiki huɗu, kuma babban abokin gabarsa zafi. An gina shi ya zauna wajajen digiri 80 zuwa 90. Masu gyaran giya suna da wani tsohon lissafi, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba kwanan man gida biyu.

Yanzu a ɗauki ma'aikacin da ke zaune a Umbadda ko Sawra a Omdurman, ofishinsa kuma yana Khartum. Ba shi da hanya sai gada. Kafin yaƙi, cunkoson safe da na azahar a tsohuwar gadar Farin Nilu da gadar Inƙaz abin ba da labari ne: taku ɗaya a tsaya, taku ɗaya a tsaya, giya na D, ƙafa na kan birki, iyakwandishan na aiki, kwalta na tururi. A wannan hali fukafukan nan suna ta kaɗa mai ba tare da mota ta motsa ba, duk ƙarfin zafi yake komawa, iska kuma ba ta ratsa lagireto yadda ya kamata. Gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri ta karye a watan Nuwamba na 2023, kayanta ya koma kan sauran gadojin. A unguwannin bayan gari kuma yashi ne: mota ta kafe, direba ya yi ta wasa da giya tsakanin D da R yana taka totur. Wannan ya fi tafiyar kwalta cin man giya nesa ba kusa ba. Littafin yawancin motoci yana da shafi biyu na lokacin sauya mai, na tuƙin yau da kullum da na tuƙin wahala, inda aka lissafa zafi, ƙura, cunkoso da kaya masu nauyi. Motar Khartum duk ta cika waɗannan sharuɗɗa tun kafin ta fita daga layinsu.

Ga inda tsatsa da man giya suke haɗuwa, kuma mutane kaɗan ne suka sani. A yawancin motocin nan, man giya yana zuwa ya sha iska ne ta wani ɗan bututu da ke ratsa cikin lagireto. Idan habub, guguwar ƙurar nan da ke rufe Khartum kamar katanga, ta toshe idanun lagireto, inji da giya tare suke ɗaukar zafi. Idan kuma mai mota ya saba ɗura ruwan famfo ko na zir, wato randa, maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, bututun nan yana cinyewa a hankali har ya huje. Ranar da ya huje, ruwa ya shiga giya, mai ya shiga lagireto. Faya-fayan kulochin ciki da wata irin takarda aka lulluɓe su, aka manne da gam, ruwa kaɗan ya isa ya sa ta ɓare.

Ruwan sama ma yana da ƙofarsa. Garin da ba a cika samun ruwa ba, magudanansa ba su da kirki, in ya zo sai titi ya zama tafki. An gani a Agustan 1988, an gani a 2013, a Satumban 2020 kuma Nilu ya haura mita 17 da rabi a Khartum, ya wuce inda ya kai a 1946 da 1988. A saman akwatin giya akwai 'yar kafar numfashi. Giya mai zafi in ta faɗa ruwa mai sanyi, iskar cikinta ta tsuke, sai ta zuƙi ruwan ta wannan kafa. Motar za ta fita daga tafkin lafiya lau, direba ya yi hamdala, ciwon sai bayan sati biyu.

Yadda ake gane halin man ba wuya, kuma abin kwatance yana nan a ƙofar kowane gareji, inda mai shayi, sitt al-shai, take zaune da kurfotinta da kwalabenta. Usta zai ajiye motar a wuri mai daidai, inji a kunne ya yi ɗumi, ya bi da giya kowane matsayi ya dawo da ita P, ya zaro geji ya ɗiga a farar takarda. Motocin Honda ne ake aunawa bayan an kashe inji. Idan ɗigon ja ne garau kamar karkade, zoɓo ke nan a bakinmu, man yana da rai. Idan ya koma kalar shayi, ya tsufa, lokacin sauyi ya yi. Idan ya yi baƙi kamar gahawar jabana, yana kuma warin ƙauri, faya-fayan sun soma ƙonewa. Idan kuwa ya fito kamar shayi da madara, ko zoɓon da aka zuba wa nono, ruwa ya shiga, kada a ƙara tayar da motar. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai launi ba shi kaɗai ne alƙali ba: man wasu giyoyin Nissan da ake kira CVT kore ne tun daga gwangwani, sababbin motoci da yawa kuma ba su da geji sam, ta wani noti a gefe ake aunawa.

A nan ake cin karo da maganar da ta zama kamar karatu a gareji, daga Omdurman har Sakkwato: "Alhaji, man giya ba a taɓa shi. In ka sauya, giyar ta mutu." Masu faɗin haka ba daga sama suka tsinto ba, sun gani da idonsu. Abin da ke faruwa shi ne yawancin mutane ba sa tuna man giya sai ta fara zamewa, lokacin faya-fayan sun riga sun cinye, garin da suka zubar a cikin tsohon man shi ne ɗan abin da ya rage yana sa su kamawa. A zubar da shi a zuba sabo mai santsi, sai ciwon ya fito fili, a ɗora wa sabon mai laifi. Wankin giya da injin matsi ma yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya tura shi cikin 'yan hanyoyin nan ya toshe su. To amma a ɗauki wannan a mai da shi doka ga kowace mota, kuskure ne mai tsada. Motar da manta ke kalar shayi, giyarta na shiga sumul, a sauya mata, kuma a hankali: a kwance notin ƙasa, abin da zai fito tsakanin kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabi, saura yana cikin tukunyar fukafukai. A cika, a yi 'yan kwanaki ana tuƙi, a maimaita sau biyu ko uku. In faranti na kwancewa, a sauya filta, a duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa sammaci ne. Makanikai masu lura a ƙasashe masu zafi suna ba da shawarar a sauya man duk kilomita 40,000 zuwa 60,000. Ko giyoyin da masu sayar da mota ke cewa mansu na har abada ne, kamfanin ZF na Jamus da ke ƙera su ga BMW da wasunsu ya ba da shawarar a sauya tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara 8.

Wane mai za a zuba? A kasuwa ana cewa "ja" kawai, kamar duk jan mai ɗaya ne. Tsofaffin Hyundai da Kia SP-III suke sha, masu giya shida SP-IV. Toyota tana da T-IV, tana da WS. Dexron na General Motors, wanda ya fito tun 1967, yana da nasa motocin. Zuba man giya na gama-gari a CVT kashe ta ne. Sunan man yana rubuce a kan geji ko a littafin mota. Samun na gaskiya kuwa ya daɗe yana wahala a Sudan: takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya sa kaya suna zagayowa ta hannu da yawa, a watan Fabrairun 2021 kuma aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya, yaƙi ya zo ya ƙarasa. Inda kaya suka yi tsada, jabu yana samun kasuwa. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar ganga a bakin titi, cikin ƙurar Omdurman, ko na gaske ne ya riga ya sha yashi. Araha ba ta ado. A sayi gwangwani a rufe, a buɗe a gaban mai mota.

Masu giyar hannu sun fi samun sauƙi, amma su ma da nasu. Mansu mai kauri ne, irin su 75W-90 da 80W-90, kuma inda littafi ya ce GL-4 kada a zuba GL-5, don sinadaransa suna iya cin zobban tagulla da ke sa giya shiga ba ƙara.

Mai dawowa gida da ya tarar da motarsa, to, haƙuri zai ƙara a kan wanda ya yi. Fetur ɗin da ya shekara biyu a tanki ya zama danƙo, sai an zubar. Baƙin mai da man birki sai an sauya. A leƙa ƙasa a ga ko akwai jan tabo, domin robobin da ke hana yoyo suna bushewa in mota ta daɗe a tsaye. Kuma kada a ɗaura wa otomatik igiya a ja ta daga Kalakla zuwa gareji a Omdurman da tayoyinta a ƙasa. Famfon man giya da inji yake aiki, in inji na kashe haƙoran a bushe suke juyawa. A ɗora ta a kan babbar mota, kuɗin ɗaukar bai kai na sabuwar giya ba.

Mai saye kuma ya je da sassafe, ya nemi a tayar da motar a gabansa tana sanyi, don dillali ya san giya mai ciwo takan ɓoye shi in ta yi ɗumi. Ya sa R ya ƙirga: in ta wuce daƙiƙa biyu kafin ta kama, ko ta kama da duka, akwai magana. Kada ya yarda da lambar kilomita da ke gaban sitiyari, ana mayar da ita baya. Kuma a Sudan ta yau, kafin salansa da giya, ya kai lambar shasi wurin 'yan sanda a tabbatar motar ba ta wani bawan Allah ba ce da ke can Alƙahira yana nemanta.

Masu sauraro, wanda ke da niyyar shiga kasuwar mota gobe, a Bahri ne ko Omdurman, a Kano ne ko Maraɗi, ya tafi da farar takarda a aljihu, da tocila, da tsohuwar rigar da ba ya jin ƙyashin kwanciya ƙasa da ita, da usta nasa na kansa wanda dillali bai sani ba. Idan mai motar ya hana a zaro geji, ko ya ce babu lokacin hawa rami, a yi masa godiya a bar masa motarsa.